Baba Tela da Maganin Ƙwannafi

Mahaifina tela ne a Faskari. Tun da na yi wayo abu biyu na san shi da su, keken ɗinki da ƙwannafi. Keken baƙi ne irin na takawa, ya girme ni, kuma Baba ba ya yarda kowa ya ɗiga mashi mai in ba shi ba. Ƙwannafin kuwa duk gidan mun san lokacinshi. Da ya ci tuwo ya kishingiɗa, sai a ga ya miƙe zaune yana dafe da ƙirji, yana cewa wuta ta taso. Inna ta jiƙa mashi jar kanwa, ya kurɓa, ya yi gyatsa, a samu lafiya sai kuma gobe.

Wanda ya ga yadda yake cin abinci ba zai yi mamaki ba. Da safe shayi da goro. Da rana, in ɗinki ya yi yawa, kwanon da aka aika mashi daga gida yana nan a gefen keke har ya huce, ƙuda na zagaya shi. Da ya dawo gida sai ya rama duka, tuwon dawa mai yawa, yaji kamar an yi ɓarinshi a cikin miya. Ga kuma ƙwayoyin ciwon baya da yake haɗiya da yunwa, don zaman keke ya gama da ƙugunshi.

Ranar kasuwar 'Yankara yakan ɗaure kan keken a bayan mashin ya tafi, ya zauna a rumfa yana karɓar ɗinkin mutanen ƙauye. A can ne wani abokinshi mai sayar da yadi ya gan shi yana murƙususu bayan ya ci ƙosai, ya ciro wani ɗan kafso daga aljihu ya ba shi, ya ce maganin olsa ne, a sha da safe kafin a ci komai. Baba ya gwada. Ban manta yadda ya dawo gida yana ba Inna labari ba, fuskarshi kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Wutar ta mutu. Ya ci yajinshi, ya yi barcinshi, kanwa ta koma aikinta na miya da kunu.

Ina ajin ƙarshe na sakandare a lokacin. Na gama, na yi karatun koyarwa, aka yi mani aure zuwa Ƙanƙara, na haifi yara har babbar ta shiga makaranta, duk wannan tsawon zamani Baba bai fasa haɗiyar kafson nan ba ko da safiya ɗaya. Da azumi ya mai da shi lokacin sahur. A kemis yake saye, babu wanda ya taɓa tambayarshi takardar likita, shi ma bai taɓa ganin dalilin zuwa wurin likita ba tunda abin yana mashi aiki. Mutum ne mai son ya ga ya amfani jama'a, don haka duk wanda ya zo shago ya dafe ƙirji sai ya tafi da sunan maganin a kunne, wani ma har da guda ɗaya a hannu.

Wata shekara, gab da Babbar Sallah, na je gida da yara. Na bi ta shago in gaishe shi, na zauna a kan benci ina jiran ya kai ƙarshen wata riga. Tun ina yarinya na tashi da ƙarar keken nan a kunnena, na san ta kamar yadda na san muryar Inna. Ranar sai na ji ta canza. Keken ya ruga, ya tsaya, ya sake fizga. Na duba, sai na ga Baba yana leƙa ƙarƙashin tebur yana kallon ƙafafunshi. Tela ba ya kallon ƙafa, idonshi a kan allura yake. Da ya ga na lura sai ya ce bel ɗin keken ne ya saki, ya tambaye ni lafiyar maigidana.

A gida Inna ta ja ni ɗaki ta faɗa mani abin da ya ɓoye. Ta ce ya daɗe yana kukan ƙafafunshi suna mashi minjirya, kamar ana tsira mashi ƙaya, daga baya kuma suka zama kamar ba nashi ba. Rannan ya dawo daga masallaci da takalmi ƙafa ɗaya, bai san ɗayan ya zame a hanya ba sai da ta nuna mashi. Gajiya ta yi mashi yawa, in ya hau mashin sai jiri ya ɗebe shi, har ya daina zuwa 'Yankara. Harshenshi ya yi ja yana zafi, mutumin da ba ya cin tuwo sai da yaji ya koma ture kwanon yajin gefe. Kuma ya fara mantuwa, ya auna mutum ya rasa ko wane ne mai wane yadi.

Kowa da abin da ya ce. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce sanyi ne ya shige shi, wani maƙwabci ya ce basir ne ya sauka ƙafa. Akwai ma wanda ya rage murya ya ce a bincika, wataƙila wani abu ya taka a ƙofar shago, don sana'a ba ta rasa mahassada. An yi jiƙe-jiƙe, an yi turare, an yi rubutu ya sha. Ban raina ko ɗaya ba, duk ƙauna ce ta kawo su. Amma ni na ga tafin hannunshi ya yi fari fat, na ga cikin idonshi babu jini, kuma zuciyata ta tsaya a kan cewa wannan abu ne da ake iya ganowa a asibiti. Na faɗa mashi. Ya ce shi bai kwanta ba balle a kai shi asibiti, in bari sai bayan Sallah.

Bayan Sallah abin ya zo da kanshi. Wani dattijo da Baba yake yi wa ɗinki tun suna samari ya zo shago da riga a leda. Bai yi faɗa ba, ya dai buɗe ta a kan tebur. Ɗinkin gefen ya karkace kamar hanyar tururuwa. Baba ya daɗe yana kallonta. Ya ba shi haƙuri, ya rufe shagon da rana tsaka, ya koma gida ya zauna a zaure. Inna ta kira ni a waya ta ce tun ranar bai sake taɓa makullin ba.

Na san in na koma da maganar asibiti ni kaɗai, zai saurare ni ne kamar yadda uba ke sauraron ɗiyarshi, ya yi murmushi ya sa mani albarka, shi ke nan. Mutum ɗaya ce a duniya ba ya ƙetare maganarta, yayarshi da ke aure a Sabuwa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Na nemi izinin maigidana, na jira rana ta ɗaga motoci sun fara bin hanya, kamar yadda muka koyi yin tafiya a shekarun nan na rashin tsaro, na tafi wurin Gwaggo. Na same ta tana sheƙar masara a tsakar gida. Na zayyana mata komai, har takalmin da rigar. Ba ta yi dogon zance ba, ta karkaɗe zane ta ce a ɗauko mata mayafi.

Da muka isa Faskari ta same shi a zaure. Ya yunƙura zai tashi ya gaishe ta, ƙafar ta ƙi ba shi haɗin kai, sai da ya dafa bango. Ta zauna ta dube shi.

“Gobe za ka bi yarinyar nan asibiti,” in ji ta.

“Yaya, ai da sauƙi.”

“Na ga sauƙin da idona. Ban goye ka don in zo in tarar da kai kana bin bango ba.”

Washegari ya shirya tun kafin mu gama karin kumallo.

Ƙanƙara na kai shi, inda na san hanyar asibitin da mutanenshi. Likitan da muka samu mutum ne mai natsuwa, ba ya gaggawar rubutu. Ya sa Baba ya cire takalmi, ya taɓa yatsun ƙafarshi da wani ɗan ƙarfe yana tambaya ko ya ji, ya sa shi ya rufe ido a tsaye, sai ga Baba yana tangaɗi. Ya duba harshe, ya duba ido. Sannan ya tambaye shi ko akwai maganin da yake sha kullum.

“Babu,” in ji Baba. “Ni ba mashayin magani ba ne.”

Na sunkuyar da kai na ce, “Baba, kafson safe fa?”

“Wannan ai na ƙwannafi ne, ba na rashin lafiya ba.”

Ba ƙarya ya yi ba. Abin ya daɗe a rayuwarshi har ya fita daga sahun magunguna ya koma sahun shayi da goro. Na ciro fallen maganin da na ɗauko daga kan tagar ɗakinshi na miƙa. Likita ya juya shi, ya tambayi tun yaushe, da ya ji amsar sai ya ajiye biro. Na ambaci ƙwayoyin ciwon bayan ma, ya yi tambaya a kansu, ya tambayi ko Baba yana samun nama da nono da ƙwai. Nan Baba ya yi dariya ya ce nono ai ya zama sai an tuna, tunda masu shanu da yawa sun tashi daga yankinmu, nama kuwa sai Sallah ko suna.

Aka ɗibi jini. Suga lafiya lau, wanda shi likitan ya fara zargi. Amma jinin ya yi ƙasa ƙwarai, wani gwajin kuma sai da aka aika birni. Da sakamakon ya dawo muka koma, likita ya zaunar da mu ya yi bayani dalla-dalla, yana kallon Baba ba ni ba, abin da ya sa na ƙara ganin girmanshi.

Ya ce tsamin nan da ke cikin tumbi, wanda in ya taso yake ƙona ƙirji, ba a banza aka halicce shi ba. Shi ke ƙarasa dafa abinci bayan an haɗiye, shi ke sakin wasu abubuwan gina jiki daga cikin nama da nono don jiki ya samu, kuma yana kashe ƙwayoyin cuta da ke biyo abinci. Daga cikin abin da yake taimakawa a samu akwai bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ba sa yi sai da shi. Na Baba ya kusa ƙarewa. Kafson aikinshi rage tsamin ne, kuma magani ne mai kyau, yana ba gyambon ciki damar warkewa, akwai ma waɗanda dole su daɗe suna sha amma likita na bibiyarsu. In dai an ɗauke shi shekara da shekaru babu mai dubawa, a jikin wasu yakan jawo irin wannan ƙarancin, yana iya raunana ƙashi, yana iya kawo gudawa mai naci ko ya taɓa ƙoda. Abin da ya fi damunshi ma, in ji shi, maganin kan rufe bakin ciwo, a daina jin zafi alhali wata cuta tana can tana girma. Bai ɗora wa kafson laifin duka ba. Ya ce shekaru ma suna rage tsamin, ga kuma abincin da ya ragu, abubuwan haɗuwa suka yi.

Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Likita, abin nan bai taɓa saɓa mani ba ko sau ɗaya.”

“Na yarda, Baba. Aikin da ka sa shi ya yi maka. Sai dai ya kamata a ce tun tuni an nemi abin da ke tayar da wutar, ba a yi ta danne ta ba.”

Ya rubuta allurar bitamin ɗin, ya ce za a fara a jere sannan a riƙa tazara. Ya ce a bar ƙwayoyin ciwon bayan nan, don su kansu suna cin bangon ciki, ya canza mashi da wani mai sauƙi. Kafson kuwa ya ja kunne sosai kada a yanke shi lokaci ɗaya, a riƙa ragewa sannu a hankali, domin in an tsayar da shi kwatsam tsamin kan dawo da ƙarfi fiye da da. In an kai ga dainawa, za a gwada ko akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbi tana haddasa gyambo.

Baba dai Baba ne. Da ya isa gida ya tattara sauran kafson ya watsa a masai, ya ce abin da ya kashe mashi ƙafa ba zai sake shiga bakinshi ba. Ba a yi nisa ba wutar ta dawo, irin wadda bai taɓa ji ba. Ko ruwa ya sha sai ya taso mashi. Inna ta kira ni ta ce ya aika kemis a sayo mashi, kuma yana cewa likitoci ba su san komai ba, allurar ma ya fasa.

Na ɗauki hutu a makaranta na tafi. Na same shi a kan tabarma ya rame, ranshi a ɓace. Ya ce an sa shi tsaka mai wuya, in ya sha ƙafa ta mutu, in ya bari ƙirji ya ƙone, gara ya zaɓi wanda ya saba da shi. Na bari ya gama. Na tuna mashi cewa wannan wutar ita ce likita ya faɗa tun kafin ta zo, kuma mutumin da ya ga abu tun bai faru ba ya cancanci a ƙara saurarenshi. Ban taɓa tsayawa a gaban Baba da magana irin ta ranar ba, amma ban ji ɗar ba, don na san abin da nake nema mashi.

“Baba, ka ba ni daminar nan kawai,” na ce. “Mu bi yadda aka ce. In kaka ta yi ba ka ga canji ba, ni da hannuna zan sayo maka kafson.”

Ya dube ni ya ce, “Malama ta zo da dokokinta.” Amma ya yarda.

Muka koma kan tsarin likita. Ya ci gaba da shan kafson, muna ragewa kamar yadda aka nuna mana, har ya zama sai wutar ta matsa, har aka daina. Inna ta dawo da tuwon yamma tun kafin magariba, ta rage mai da yaji, ta hana shi kishingiɗa sai abinci ya faɗa. Aka sa bulo aka ɗaga kan gadonshi. Abincin rana kuwa ta daina aikawa, sai dai ya ci a gabanta. Goro ne aka sha daga da shi, a ƙarshe aka tsaya a kan ɓari ɗaya bayan ya ci abinci. Kajin Inna suka daina zuwa kasuwa, ƙwansu ya koma kwanon Baba. Allurar a ƙaramin asibitin Faskari ake yi mashi, yana tafiya yana mita, amma bai sake tsallakewa ba. Da aka yi gwajin tumbin sai ga ƙwayar cutar nan, aka ba shi magunguna masu ɗaci na ɗan lokaci, ya shanye.

Ƙarfin jiki ne ya fara dawowa. Tun masara ba ta yi goyo ba ya daina jiri, harshen ya warke, fuskar ta ciko. Mantuwar ma ta tafi, har ya koma tuna wa Inna inda ta ajiye abubuwa. Ƙafar ce ta ɗauki lokaci. Minjiryar ta ragu, tafiya ta daidaita, ya daina bin bango, amma yatsun ba su dawo duka ba, kuma likita ya gaya mana gaskiya cewa jijiyar da ta daɗe da yunwa ba lalle ta koma yadda take ba. Da kaka ta yi ban tuna mashi alkawarin ba, shi ma bai tayar da maganar ba.

Ya gwada keken takawa, ya ga har yanzu ba ya jin feda yadda yake so. Inna tana da ɗan keken hannu da take gyaran kayan jikoki da shi. Ta kawo mashi, ya ce wannan ai na matan aure ne, shi ba zai zauna a bakin hanya yana juya shi ba. Ta ajiye shi a zaure ta yi tafiyarta. Bayan kwana biyu aka ji ƙararshi. Yanzu da shi yake aiki a shago, ɗinkin ba shi da yawa amma miƙaƙƙe ne, kuma yankan babbar riga har gobe wurinshi telolin unguwa ke kawowa. Waɗanda ya taɓa yi wa tallar kafson ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ce masu su je a duba su. Wasu sun je, wasu sun ce su lafiyarsu ƙalau, bai kuma yi rigima da kowa ba.

Bara gwiwar Inna ta kumbura, na kai ta asibiti. Aka ba ta maganin ciwon gaɓɓai mai ƙarfi na ɗan lokaci, aka haɗa mata da irin kafson nan don ya kare mata ciki. Da Baba ya buɗe ledar ya gan shi sai ya ɓata rai, ya ce wannan ba zai kwana a gidanshi ba. Na ce mashi wannan karon likita ne ya rubuta, ya san dalili, kuma ya faɗi ranar dainawa. Ya sa na maimaita mashi ranar, sannan ya zura ledar a aljihun rigarshi ya ce shi zai riƙa ba ta da kanshi. Haka kuwa aka yi. Kowace safiya ya ɓallo guda ɗaya ya miƙa mata da kofin ruwa, yana tsaye sai ta haɗiye. Inna ta ce mani a waya, tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa samun irin wannan hidima ba, har ta so a ce likitan ya ƙara mata kwanaki.